Tsakanin Sha'awa da Jaraba: Nazarin Tasirin Wasannin Aron Rayuwa na Intanet a Kan Masu Yin Su

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin wasannin aron rayuwa na intanet, wato wasannin da mutum yake ƙirƙirar wakilinsa ya shiga wata ƙagaggiyar duniya tare da dubban 'yan wasa. Manufar takardar ita ce tantance ko waɗannan wasanni suna zama jaraba, da kuma irin illar da suke yi wa rayuwar masu yin su. An bi hanyar nazarin rubuce-rubucen masana halayyar ɗan'adam da likitocin ƙwaƙwalwa da takardun hukumomin lafiya, sannan aka waiwayi dokokin da ƙasashen Koriya ta Kudu da Sin suka kafa. Takardar ta gano cewa jarabar gaskiya ce, amma kaso kaɗan na 'yan wasa take kamawa. An kuma gano cewa yawan awannin wasa ba ya isa ya zama ma'auni, domin abin dubawa shi ne abin da wasan ya ture daga rayuwar mutum. Daga ƙarshe, takardar ta ba da shawarar a riƙa bambanta kalmomin sha'awa da sabo da jaraba yayin rubutu a kan wannan batu da harshen Hausa.

Fitilun Kalmomi: Wasa, Aron Rayuwa, Intanet, Sha'awa, Sabo, Jaraba

1.0 Gabatarwa

A watan Mayu na shekarar 2019, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da bugu na goma sha ɗaya na kundin rarraba cututtuka, wanda aka fi sani da ICD-11. A cikin wannan kundi ne aka sanya lalurar wasannin kwamfuta a rukuni guda da lalurar caca. Matakin ya raba kawunan masana. Wasu sun yi maraba da shi saboda zai buɗe wa masu lalurar ƙofar samun magani. Wasu kuwa sun yi gargaɗin cewa za a wayi gari ana kallon miliyoyin lafiyayyun matasa a matsayin marasa lafiya.

Daga cikin nau'o'in wasannin kwamfuta, wasannin aron rayuwa na intanet ne suka fi shan zargi tun farkon wannan ƙarni. Tambayar da ke gaban takardar nan ita ce: shin laifin na wasan ne, ko na mai wasan, ko kuwa na halin da mai wasan ya sami kansa a ciki? Amsar tana da muhimmanci domin a kanta ne iyaye da malamai da hukumomi suke gina hukunci. Idan aka yi kuskuren ganewa, za a tsangwami wanda ba shi da matsala, a kuma bar mai matsalar ba tare da an gano ainihin abin da ke damun sa ba.

1.1 Hanyoyin Gudanar da Bincike

An tattara bayanan wannan takarda daga wallafaffun ayyukan masana da takardun hukumomi. An fi mayar da hankali kan ƙasashen Amurka da Birtaniya da Koriya ta Kudu da Sin, saboda a can ne wasannin suka samo asali ko suka fi bunƙasa, a can ne kuma muhawarar ta fi zafi. An kawo misalan wasannin gargajiya na Hausawa a wuri guda domin kwatance kawai.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Wasannin Aron Rayuwa

A Ingilishi ana taƙaita sunan manyan waɗannan wasanni da harufan MMORPG. Takardar nan ta zaɓi ta kira su wasannin aron rayuwa, saboda kiran su wasannin kwaikwayo zai kawo ruɗani da wasan kwaikwayo na dandamali ko na talabijin. A irin wannan wasa, mutum yakan ƙirƙiri wakili, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa siffa da sana'a, kamar mayaƙi ko boka ko maharbi. Daga nan wakilin zai riƙa karɓar aike yana cikawa, yana yaƙar dodanni, yana tara ganima, yana hawa daga mataki zuwa mataki. Duniyar wasan ba ta tsayawa idan ɗan wasa ya kashe na'urarsa. Sauran 'yan wasa suna can suna ciniki da yaƙi da ƙulla abota, ko yana nan ko ba ya nan.

Aron matsayi a cikin wasa ba baƙon abu ba ne a al'adar Bahaushe. A wasan kalankuwa samari da 'yan mata sukan ari muƙaman shugabanni da alƙalai. A wasan gauta matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa. A tashe kuwa yara sukan zama tsofaffi ko 'yan kasuwa ko ma'aurata. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da lokacinsa. Kalankuwa ta kaka ce, tashe na watan azumi ne, kuma da an tashi daga wasa kowa zai tuɓe rigar aro ya koma ko shi wane ne. Wasan aron rayuwa na intanet ba shi da ranar tashi. Wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar sauran bayanan da za su biyo baya.

2.2 Sha'awa da Sabo da Jaraba

Hausa tana da kalmomi uku da sau da yawa ake cuɗanya su a wannan fage. Sha'awa ita ce son abu da jin daɗinsa, kuma mai sha'awa yana da ikon ɗauka da ajiyewa. Sabo shi ne maimaita abu har ya zama jiki, yadda mutum zai ji babu daɗi idan ya rasa shi, ko da yake rashin ba ya hana shi gudanar da harkokinsa. Jaraba kuwa, a ma'anar da takardar nan ta ɗauka, ita ce matakin da mutum yake ganin ɓarnar da abu yake yi masa, yana son ya bari, amma ya kasa.

Griffiths (2005) ya kawo alamomi shida da yake ganin kowace jaraba tana tattare da su. Su ne: abin ya mamaye tunanin mutum da ayyukansa, ya zama da shi yake sauya yanayin zuciyarsa, ya riƙa buƙatar ƙari kafin ya gamsu, ya shiga ƙunci idan an raba shi da shi, ya riƙa samun saɓani da mutane ko da kansa a kan abin, sannan ya riƙa komawa bayan ya daina. Da waɗannan alamomi ne masu bincike da yawa suka gina tambayoyin da suke auna 'yan wasa da su.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Wasannin

Tushen waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a shekarar 1974. A shekarar 1978 Roy Trubshaw ya fara gina wasan MUD a Jami'ar Essex da ke Ingila, Richard Bartle ya ci gaba da shi. Rubutu zalla ne babu hoto, amma ya ba mutane da yawa damar haɗuwa a ƙagaggiyar duniya guda ta hanyar kwamfuta. Ƙarshen ƙarni na 20 ya zo da wasanni masu hoto: Ultima Online a 1997, Lineage na Koriya ta Kudu a 1998, sai EverQuest a 1999. Tun a wancan lokaci 'yan wasan EverQuest da kansu suka yi masa laƙabi da EverCrack, suna kwatanta shi da hodar ibilis. A shekarar 2004 kamfanin Blizzard ya fitar da World of Warcraft, wanda masu biyan kuɗin shigarsa suka kai miliyan 12 a shekarar 2010. Daga baya wayar hannu ta karɓi ragama, inda wasanni irin su Genshin Impact na shekarar 2020 suka sa mutum yana yawo da duniyar wasan a aljihunsa.

4.0 Abubuwan da Suke Riƙe Ɗan Wasa

Hausawa na cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kafin a ɗora wa ɗan wasa laifi, ya kamata a duba yadda aka tsara wasan.

4.1 Rashin Ƙarshe

Littafi yana da shafin ƙarshe, wasan ƙwallon ƙafa yana da minti casa'in. Wasan aron rayuwa kuwa an gina shi ne domin kada a gama. Matakan farko ana haye su cikin mintuna, na gaba kuma sai an kwashe awanni ko kwanaki. Idan mutum ya kai ƙololuwa, kamfani yakan fitar da sabon kashi mai sababbin ƙasashe da makamai, wanda zai mayar da tsohuwar ganima abin banza. Dalilin wannan tsari a fili yake. Kamfanin da yake karɓar kuɗi duk wata, ribarsa tana ga daɗewar ɗan wasa.

4.2 Ganima ta Sa'a

Masanin halayya B. F. Skinner ya nuna cewa ladar da ba a san lokacin zuwanta ba ta fi sa dabba nacewa a kan aiki, fiye da ladar da take zuwa a ƙayyadadden lokaci. A shekarar 2001 John Hopson ya wallafa wata maƙala da ta yi fice, inda ya bayyana yadda masu tsara wasa za su yi amfani da wannan ƙa'ida. A aikace, dodon da aka kashe yana iya zubar da takobi mai daraja, yana iya ƙin zubar da komai. Ɗan wasa ba ya sanin karo na nawa ne zai dace, saboda haka kullum yana ganin kamar na gaba ne. Koepp da abokan aikinsa (1998) sun nuna cewa ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin dofamin yayin wasan bidiyo. Sai dai wannan shi kaɗai bai tabbatar da jaraba ba, domin abinci mai daɗi da kiɗa su ma suna motsa wannan sashe na ƙwaƙwalwa.

4.3 Nauyin Ƙungiya

Manyan dodanni ba sa kasuwa ga mutum ɗaya. A farkon World of Warcraft, wasu hare-hare sukan buƙaci 'yan wasa arba'in a lokaci guda, kowa da aikinsa: wani ya tare duka, wani ya yi jinya, wasu su kai sara. Don haka 'yan wasa sukan kafa ƙungiyoyi masu shugabanni da dokoki da jadawalin fita. Ƙungiyoyi da yawa suna raba ganima ne gwargwadon yawan halartar mutum. Wanda ya yi fashi ya ɓata wa mutum talatin da tara dare. A nan abin da yake zaunar da mutum gaban kwamfuta ya tashi daga nishaɗi ya koma kunya da cika alkawari. Wannan ne ya bambanta wasannin aron rayuwa da wasannin da mutum yake yi shi kaɗai.

4.4 Akwatin Ganima

Wasanni da yawa na yanzu kyauta ake shiga, amma ana sayar da akwatunan da ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe. A Genshin Impact, damar samun jarumi mafi daraja a buɗewa guda ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, ko da yake an ba da tabbacin samu idan aka kai buɗewa 90. Zendle da Cairns (2018) sun gano alaƙa tsakanin yawan kuɗin da mutum yake kashewa a kan irin waɗannan akwatuna da tsananin matsalar caca. Tun a shekarar 2012 hukumar kare masu saye ta Japan ta haramta wani nau'i na wannan ciniki, kuma a shekarar 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan da ake saye da kuɗi a wasu wasanni caca ne.

5.0 Matsayin Masana Lafiya

A shekarar 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ambaci lalurar wasannin intanet a kundinta na DSM-5. Ba ta sanya ta cikin tabbatattun cututtuka ba, ta ajiye ta ne a sashen abubuwan da suke buƙatar ƙarin bincike. Ta kawo alamomi tara, ta ce sai biyar daga ciki sun bayyana a tsawon wata goma sha biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta zarce haka a kundin ICD-11, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2022. Ta kafa sharuɗɗa uku: mutum ya kasa sarrafa lokacin farawa da na dainawa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da ɓarnar da take bayyana. Bugu da ƙari, dole ne halin ya jawo tawaya mai tsanani a harkar iyali ko karatu ko sana'a ko zamantakewa, kuma a bisa al'ada sai ya ɗauki aƙalla wata goma sha biyu.

5.1 Saɓanin Masana

Aarseth da wasu masana fiye da ashirin (2017) sun rubuta buɗaɗɗiyar takarda suna sukar wannan mataki tun yana matsayin shawara. Hujjojinsu su ne: binciken da aka dogara da shi ba shi da ƙwari, an aro ma'aunin shaye-shaye da caca an ɗora wa wasa, sannan babu daidaito tsakanin masana a kan alamomin. Van Rooij da abokan aikinsa (2018) sun sake jaddada wannan matsayi. A ɗaya ɓangaren kuwa, likitocin da suke duba marasa lafiya, musamman a gabashin Asiya, sun kafa hujja da mutanen da suke zuwa asibiti da ƙafarsu suna neman taimako. A ganinsu, rashin ba matsalar suna yana hana a ware mata kuɗi da ma'aikata. A shekarar 2019 hukumar lafiya ta Ingila ta buɗe cibiya ta musamman a Landan domin masu wannan lalura.

5.2 Yawan Waɗanda Abin Ya Shafa

Przybylski da Weinstein da Murayama (2017) sun yi nazarin mutane kusan 19,000 ta amfani da ma'aunin DSM-5. Sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 0.3 zuwa kashi 1 cikin 100 na jama'a ne za su iya cika sharuɗɗan lalurar. Stevens da abokan aikinsa (2021) sun tattara sakamakon bincike 53 daga ƙasashe daban-daban, suka sami kashi 3.05 cikin 100. Da suka taƙaita ga binciken da aka fi tsaurara zaɓen mutane a cikinsa, adadin ya sauko zuwa kashi 1.96. Sun kuma gano cewa maza sun fi mata kamuwa da kimanin ninki biyu da rabi. Waɗannan alƙaluma suna nuna abu biyu a lokaci guda. Mafi yawan 'yan wasa ba su da lalura. Amma kashi 2 cikin 100 na ɗaruruwan miliyoyin mutane adadi ne da ba za a kawar da kai daga gare shi ba.

6.0 Yawan Awanni a Matsayin Ma'auni

Abu na farko da iyaye da ma'aurata suke ƙorafi a kai shi ne yawan lokaci. Yee (2006) ya tattara bayanai daga 'yan wasa kimanin 30,000, ya gano cewa matsakaicin shekarunsu 26 ne, kuma suna kwashe kimanin awa 22 a mako suna wasa. Wannan ya fi rabin makon aiki na ma'aikaci. Sai dai Charlton da Danforth (2007), a nazarinsu kan 'yan wasan Asheron's Call, sun nuna cewa alamomin jaraba ba nauyinsu ɗaya ba. Yawan tunanin wasa da jin daɗinsa da son ƙarin lokaci alamomi ne na tsananin sha'awa. Saɓani da iyali da ƙunci yayin rabuwa da komawa bayan dainawa su ne jigon jaraba. Ma'aunin da ya haɗa duka biyun yakan kumbura adadin masu lalura.

Griffiths (2010) ya kawo misalin mutum biyu da kowannensu yakan yi wasa har awa 14 a rana. Na farko saurayi ne ɗan shekara 21, ba aure ba aiki. Wasan ya cike masa gurbin zaman banza, ya sama masa abokai, kuma da ya sami aiki da budurwa sai wasan ya ragu da kansa. Na biyu magidanci ne ɗan shekara 38 mai mata da 'ya'ya da aikin akanta. Ya riƙa fakewa da wasa daga matsalolinsa, ya kasa bari duk da ya san abin da yake jawo masa, har aikin da auren suka salwanta. Awanninsu ɗaya, amma na farko sabo ne, na biyu jaraba. Vuorre da abokan aikinsa na Jami'ar Oxford (2022) sun ƙarfafa wannan fahimta da bayanan da kamfanonin wasa suka ba su na 'yan wasa kusan 39,000. Ba su sami wata hujja mai ƙarfi da ke nuna cewa yawan lokacin wasa yana sauya walwalar mutum ba. Abin da ya fi alaƙa da walwala shi ne dalilin wasan, wato ko mutum yana yi ne don yana so, ko don yana jin kamar dole ne.

Wannan ya dace da ra'ayin Kardefelt-Winther (2014) na cewa yawan amfani da intanet sau da yawa yunƙuri ne na cike wani giɓi a rayuwa. Ryan da Rigby da Przybylski (2006) sun nuna cewa wasa yana biyan buƙatu uku: mutum ya ji yana da zaɓi, ya ji ya iya wani abu, ya ji yana da jama'a. Matashin da ya kammala karatu ya rasa aiki, wanda ba a jin maganarsa a gida, yana iya zama shugaban mayaƙa arba'in a cikin wasa. Ba abin mamaki ba ne idan rayuwar aro ta fi masa ta gaske armashi.

7.0 Illa da Amfani

Illolin da aka fi samu su ne ƙarancin barci da faɗuwa a karatu da sakaci da aiki da saɓanin ma'aurata da asarar kuɗi. Akwai kuma munanan al'amura da suka girgiza jama'a. A watan Nuwamba na 2001 wani matashi ɗan shekara 21 a jihar Wisconsin ta Amurka ya kashe kansa bayan ya daɗe yana dulmiye a EverQuest. Mahaifiyarsa ta kafa ƙungiyar On-Line Gamers Anonymous a shekarar 2002 domin taimakon masu irin matsalarsa. A shekarar 2010 aka kama wasu ma'aurata a Koriya ta Kudu bayan jaririyarsu 'yar wata uku ta mutu da yunwa a garin Suwon, yayin da suke kwana a shagon intanet suna renon ƙagaggiyar yarinya a wasan Prius Online. Abin lura a nan shi ne, matashin na Wisconsin yana fama da farfaɗiya da ciwon damuwa, ma'auratan na Suwon kuma ba su da aikin yi. Wannan bai wanke wasannin ba, amma ya nuna cewa sun tarar da rauni ne suka faɗaɗa shi.

Ta fuskar amfani, Cole da Griffiths (2007) sun tambayi 'yan wasa 912 daga ƙasashe 45, inda kimanin kashi uku cikin huɗu suka ce sun yi abokai na ƙwarai a cikin wasa. Fim ɗin The Remarkable Life of Ibelin na shekarar 2024 ya ba da labarin wani matashi ɗan ƙasar Norwe mai cutar shanyewar tsoka ta gado, wanda ya rasu a 2014 yana da shekara 25. Iyayensa sun ɗauka ya yi rayuwar kaɗaici a kan keken guragu. Bayan rasuwarsa ne saƙonni suka yi ta zuwa daga abokansa na World of Warcraft, wasu ma suka taso daga ƙasashensu domin halartar jana'izarsa. Tsarin ƙungiya da yake ɗaure wani, shi ne ya buɗe wa wannan matashi ƙofar shiga jama'a.

8.0 Matakan Gwamnatoci

A shekarar 2011 Koriya ta Kudu ta kafa dokar hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 wasannin intanet daga ƙarfe 12 na dare zuwa 6 na safe. Lee da Kim da Hong (2017) sun gano cewa ƙarin barcin da yara suka samu bai kai minti biyu ba. Yara da yawa sun riƙa shiga da lambar shaidar iyayensu, dokar kuma ba ta shafi wasannin wayar hannu ba. A shekarar 2021 gwamnati ta sanar da soke ta.

Ƙasar Sin ta fi tsanantawa. A 2007 ta tilasta wa kamfanoni rage ladar yara zuwa rabi bayan awa uku, da soke ta baki ɗaya bayan awa biyar. A 2019 ta ƙayyade minti 90 a ranakun aiki. A watan Agusta na 2021 ta mayar da shi awa ɗaya tak, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Zendle da abokan aikinsa (2023) sun nazarci bayanan wasa na fiye da awa biliyan bakwai, ba su ga alamar dokar 2019 ta rage yawan masu wuce gona da iri ba a ɓangaren da suka duba. Darasin da ke nan shi ne, dokokin sun auna agogo ne, alhali matsalar ba a agogo take ba.

9.0 Sakamakon Bincike

Takardar ta gano abubuwa kamar haka:

i. Wasannin aron rayuwa suna iya zama jaraba, amma ga kaso kaɗan na masu yin su.

ii. Rashin ƙarshe da ganima ta sa'a da nauyin ƙungiya da akwatin ganima tsare-tsare ne da aka yi da gangan, saboda haka kamfanoni suna da nasu kason na alhaki.

iii. Jaraba ta fi kama wanda yake da wani rauni tun asali, kamar damuwa ko kaɗaici ko rashin aikin yi.

iv. Ma'aunin da ya fi inganci shi ne a duba abin da wasa ya ture, kamar barci da karatu da sana'a da haƙƙin iyali, da kuma ko mutum yana iya dainawa idan ya yi niyya.

v. Dokokin ƙayyade lokaci ba su haifar da sakamakon da aka yi fata ba. Sa ido a kan hanyoyin karɓar kuɗi masu kama da caca ya fi kusa da inda ɓarnar take.

vi. Masu fassara da 'yan jarida da marubutan Hausa suna da rawar takawa. Kiran duk mai yawan wasa majarabci yana ɓata ma'anar kalmar. Ya kamata a keɓe jaraba ga wanda ya cika sharuɗɗan da aka ambata, a yi amfani da sha'awa da sabo ga matakan da ba su kai nan ba.

10.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bibiyi ma'anar wasannin aron rayuwa da tarihinsu da dabarun da suke riƙe 'yan wasa da su, sannan ta auna hujjojin masana da matakan hukumomi. An ga cewa wasa ɗaya yana iya zama hutu ga wani, dandalin abota ga wani, ya kuma zama turke ga na uku. Uban da ya ga ɗansa ya duƙufa a kan waya, ko matar da mijinta yake raba dare a gaban kwamfuta, tambayar da ta fi amfani gare su ita ce: me ya daina yi saboda wasan, kuma me yake guje wa? Idan barci da karatu da sana'a da zumunci suna nan daram, sha'awa ce ko sabo. Idan sun fara zubewa kuma ya yi yunƙurin bari ya kasa, ƙwace na'ura kaɗai ba zai wadatar ba, sai an haɗa da neman likitan ƙwaƙwalwa da gyara abin da ya kore shi daga rayuwarsa ta gaske.